Ƙarfen Baba Gingimari

Baba Gingimari ya tsani motar tun ranar da Auta ya shigo da ita gida. Ja ce, gajeriya, cikinta na neman shafar ƙasa, in an taka ta sai ta yi gurnani. Auta shi ne ƙaramin 'ya'yansa, kuma shi kaɗai ya gado shi a son mota. Tsohon kuwa ya ƙarar da ƙarfinsa wajen jan manyan motocin kaya, can ya samo sunan. In ana zancen taya a unguwa, ba mai musa masa.

Ya zagaya motar, ya shuri tayar gaba.

"Wannan taya ce ko takalmin roba? Ba iska a cikinta."

"Baba, haka aka ƙera su, sirara," in ji Auta. "Ga awon iskar nan manne a jikin ƙofa, na gaba daban, na baya daban. Da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. In aka cika ta ya wuce kima, sai ta kumbura, tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta. A kwana ba za ta riƙe ba."

"Ni za ka koya wa taya? Ina ɗaura taya tun ba a yi tunanin haihuwarka ba!"

Auta ya yi dariya, ya bar zancen. Tsohon bai bari ba.

Ranar da Auta zai je gidan surukansa ya ɗauko matarsa da jaririnsu, yana banɗaki Baba ya zari makulli. Ya ɗauko guntun ƙarfen da yake bugun tayoyin babbar mota da shi tun zamanin aiki. A ransa alheri zai yi. Ba zai bar ɗansa ya hau doguwar hanya da tayoyi a lafe ba.

Ya ja motar zuwa wurin mai facin taya a bakin titi. Mai facin ya durƙusa ya sa ma'auninsa.

"Baba, ai duk sun kai awo. Ba sa buƙatar komai."

"Ajiye agogon nan naka. Zuba iska."

Ya zuba. Baba ya buga ƙarfe, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Ƙara."

"Wallahi Baba ta wuce sosai. Wannan fa ba motar kaya ba ce."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. "Kai ma dai! Mutumin da ya tsufa a kan taya kake nuna wa agogo?"

Mai faci ya ji kunya. Ya yi ta ɗura iska har sai da ƙarfen ya yi ƙara ƙwal a kan kowace taya. A hanyar komawa gida motar na ta tsalle kamar ɗan akuya, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Baba ya ce a ransa, yanzu ta zama mota. Ya mayar da makulli inda ya ɗauka. Bai gaya wa Auta ba, don ba ya son musu da ɗan cikinsa.

Yayyafi ya sauka da hantsi. Tun kafin Auta ya isa gidan surukan, a wata kwana gab da gada, motar ta zame ta daki kankare. Auta bai mutu ba, amma ƙashin bayansa ya karye. Likita ya ce ƙafafun ba za su ƙara ɗaukarsa ba.

A barandar asibiti Baba ya yi ta ruwan masifa. Ya tsine wa motar. Ya tsine wa waɗanda suka ƙera ta, da yaran zamani masu son gudu. Mahaifiyar Auta na zaune tana kallonsa da jajayen idanu, har ta gaji.

"Malam, rufe mana baki haka nan. Na gan ka da safe ka fita da makulli da ƙarfenka. Me ka yi wa motar yarona?"

"Gyara na yi."

"Gyara? To shiga ka ga gyaranka a kwance!"

Ya shiga. Auta na rigingine, matarsa a gefe rungume da jariri tana kuka.

"Baba," ya ce a hankali, "wallahi ba gudu nake ba. Na juya sitiyari ta ƙi ji, kamar a kan sabulu. Jiya fa na auna iskar da hannuna. Kai da ka san taya, me ya faru?"

Mutumin da bai taɓa rasa amsa a kan taya ba ya tsaya riƙe da ƙarfen gado. Sai ya juya ya fita.

Yanzu shi ke tura Auta a keken guragu. Ranar da tayar keken ta lafe, ya kai ta wurin mai facin nan. Masu benci na zaune suna kallo. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, sa agogon."

Jama'a, ku ji da kyau. Kowace mota da awon iskarta, ku duba shi a jikin ƙofa, ku auna da ma'auni taya na sanyi, ba da shuri ko bugun ƙarfe ba. Furfura ba ma'auni ba ce. Kuma wanda ya san gaskiya ya yi shiru don kunyar babba, da hannunsa a cikin ɓarnar.