Amoniya a Kududdufin Tarwaɗa

Kafin ka taɓa na'urar nan, Malam, bari in ba ka misali.

Wani mai kiwon tarwaɗa rijiyarsa ta ƙafe da rani, kifinsa kuwa sun kusa isa kasuwa. Ruwan da ya rage kusa da shi sai na wata kwata da ke gangarowa daga masana'antar taki. Ya ɗebo kwalba guda ya kai wa ƙanwarsa, wadda shi ya ɗauki nauyin karatunta har ta samu aiki a ɗakin gwajin sinadarai. Ta shinshina, ta ji ɗan warin amoniya. Ta tsoma na'urar da ke auna yadda lantarki ke ratsa ruwa, allura ta ɗan motsa ta tsaya. Aiki ya yi mata yawa ranar, ga shi yana tsaye a kanta yana jira. Ta ce, “Yaya, amoniya ce, kuma ba ta da ƙarfi. Ka zuba abinka.” Ya sa mata albarka, ya koma ya buɗe wa kwatar hanya zuwa kududdufin kifinsa.

Da gari ya waye kifin duk sun juya farin ciki sama. Ya tsaya bakin kududdufi, ƙudaje na bin ƙafarsa. Da labari ya iso gare ta, sai ta ɗauko ragowar ruwan ta yi abin da ya kamata tun farko. Ta riƙa ɗiga masa asid mai rauni daga wani bututu, ɗigo bayan ɗigo, tana duban allura. Ka san in amoniyar ta ƙare allurar takan daina hawa. To, wannan ta yi ta hawa. Asid ɗin bututun ya ƙare, ta sake cikawa, allura ba ta tsaya ba. Sinadari mai rauni irin amoniya haka yake, kaɗan yake bayyana wa lantarki, sauran yana kwance a ruwan sai an bi shi a hankali. Sa'ad da allurar ta tsaya, amsa ta fito daidai, amma ba wanda za ta amfana. Yayan bai zage ta ba, bai kuma sake tada maganar ba. Ya sayar da filin, ya tafi ci-rani kudu, har mahaifiyarsu ta rasu bai dawo ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.