Motar Da Ba Ta Tsayawa Gaisuwa

Tun da aka kawo motocin nan marasa direba, masu lalurar ƙafa suka daina jiran samarin unguwa su cicciɓe su. Motar kan zo har ƙofar gida, ta miƙo hannuwanta na ƙarfe ta ɗauki mutum da kekensa na guragu, ta dire shi inda ya ambata, ba ta tsayawa a hanya.

Ran nan Malam Tanimu, wanda shi ma yake fama da lalurar ƙafa, ya ce motar ta kai shi asibiti. A kwanar masallaci sai ya hangi tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan Jatau, amininsa tun ƙuruciya, maza zaune jugum-jugum.

"Tsaya, 'yar nan. Rasuwa aka yi."

"Nan ba ya cikin tafiyarmu, Baba," in ji motar cikin ladabi.

"A garin nan ba a wuce zaman makoki! Me mutane za su ce?"

"Kwantar da hankalinka. Gilashin baƙi ne, babu wanda ya gan ka."

Haka ne kuwa, ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba. Malam Tanimu ya ɗaga hannu ya fara addu'a, bai ma san sunan wa zai ambata ba.