Rantsuwar Mai Tukwane

"Maganin matarka a wuyana, kai kuma ka cire sunana daga ƙarar," in ji mai shagon. "Ka ji da kamfanin, su suka ƙera ta."

Telan ya miƙa masa hannu a barandar kotun Lahore. Tukunya mai fito da ya saya a shagon ce ta fashe, tafasasshen wake ya saɓule wa matarsa fuska.

Alƙali ya ce ba zai amince da sulhun ba sai da zuciya ɗaya aka yi shi. "Alhaji, ka san tana da aibi?"

"Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ta taɓa fashewa."

Bai ɗago kai ba. A bayan shagonsa akwai irinta da aka dawo masa da su, murafe a tsage, ya lulluɓe da buhu.

Alƙali ya sa hannu.

A waje telan ya buɗe kwalin alewar laddu, ya tura masa ɗaya a baki, yadda ake yi in an shirya.

"Ci, Alhaji, tumbin nan da sauran wuri! Ka sauke mini nauyi. Biyu na saya, ɗayar ta kayan auren 'yata ce. Uwarta ta ce a jefar, amma tunda ka rantse, gobe da ita za ta tare."

Alewar ta tsaya masa a maƙogwaro. Kalma ɗaya za ta rushe sulhun. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce Allah ya sanya albarka.

Alhaji ya tsira da shagonsa, tela ya samu magani. Amarya kuwa ta tafi da tukunyar.