Kakata da Baƙuwa daga Oregon

"Wannan shi ake kira tarihi," in ji Farfesa Whitlock, yana ɗaga aikin Talia, 'yar ajinmu, a gaban aji. Ta yi rubutu kan yajin aikin masaƙar garinmu, duk daga bakin wata tsohuwar ma'aikaciya.

Tsohuwar nan kakata ce. Ni na yi wa Talia kwatancen gidan, don na tabbata ba za ta samo komai ba. Tun kafin in fara karatun tarihi a kwalejin nan nake roƙon Kaka labarin yajin, kullum amsarta ɗaya: "Bar tone-tone, Maren." Sai ga Talia, baƙuwa daga jihar Oregon, ta kwashe komai, har ranar da aka karya wa Kaka hannu a ƙofar masaƙa.

Ranar Asabar na nufi gidan raina a ɓace. Rabona da can tun Kirsimeti. Na sami Kaka da Talia a kicin suna cin kek ɗin tuffa.

"Kaka, ni ba ki yarda da ni ba, sai bare?"

Ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo, ta riƙo hannun Talia. "Maren, ƙawarki ce? Ba ta kujera mana."

Talia ta sunkuyar da kai. "Tun zuwana na farko take kirana haka. Na kasa gaya miki."

Kaka ta turo mini faranti. "Ci kek, 'yar nan, amma hirar ta gida ce. Jikata kaɗai nake ba wannan labarin."