Hujjar da Kwamiti Ya Nema

Kuna cikin ɗakin jarrabawar, kada ku ce ba ku gani ba. Malam mai sa ido ya sunkuya kan teburin ɗan gidansa yana raɗa masa amsa, kuka duƙar da kai kamar an ɗaure muku wuya.

'Yar ajinmu ɗaya ce ta kai ƙara, wadda kuke tsokana da suna Lauya. Shugaban kwamitin ladabtarwa ya ce mata, "'Yata, ba ma hukunci da ji-ta-ji-ta. Kawo mana abin da ido zai gani."

A jarrabawa ta gaba ta ɓoye waya cikin safa. Malam ya sake sunkuyawa, ta ɗauke shi tsaf.

Ta kai wa kwamiti bidiyon, suka kalla. Shugaba ya yi murmushi.

"Kai, madalla! Wa ya yi mana wannan aiki?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da hannunki? A cikin ɗakin jarrabawa?"

"Eh, Malam."

Ya juya ga sakatare. "Rubuta, ta amsa da bakinta. Dokar kwaleji ta ce duk wanda ya shiga jarrabawa da waya, kora ce."

Yau da safe ta fita da akwatinta a ka. Malam mai sa ido kuwa yana ciki, yana raba takardun jarrabawa.

Ranar Litinin shugaban kwaleji zai saurari kokenta, kuma ba ta da mai ba da shaida ko ɗaya. Ku tashi ku je ku faɗi abin da kuka gani!