Gwiwa Mai Lafiya

"Kwance bandejin nan ka mayar da shi gwiwar dama," in ji koci.

Bahago ya dube shi. "Ai ta hagu ce ke ciwo."

"Shi ya sa, sakarai. Likitan gasa inda ya ga bandeji yake dubawa. In ya taɓa ta hagun nan, kai da wasan tanis sai dai a talabijin."

Gwiwar hagun ta daɗe tana kumbura, an yi mata aiki har an gaji. Bahago ya naɗe ta dama, ya shiga ɗakin likita yana ɗingishin ƙarya a kan na gaskiya.

Likita ya warware bandejin, ya latsa, ya lanƙwasa, ya ɗauki hoto. Koci na bakin ƙofa yana kashe wa Bahago ido.

"Samari, sai haƙuri," in ji likita. "Wannan gwiwar ta gama aiki, ba kai ba gasa."

Sai ya bubbuga ta hagu. Bahago ya haɗiye ihu.

"Amma ka gode wa Allah. Ka lallaɓa wannan mai lafiyar, ita kaɗai ta rage maka."