Ragowar Irin Gero

Shekarar da ruwa ya yi mana gardama a ƙauyenmu na wajen Ɗanbatta, sau biyu muna shuka gero, yana tsirowa rana tana ƙone shi. Baba yana kwance ba lafiya, don haka ni da Inna muka fita gona da la'asar. Ragowar irin ƙwarya ɗaya ce, kuma ita ce abincinmu. Inna ta ce binne za mu yi, mu zuba iri a busasshiyar ƙasa mu jira sama.

Tana sara da sungumi, ina binta ina zubawa ina rufewa da diddige. Ƙasar tana ƙona mini tafin ƙafa. A tsakiyar gona na ga hannunta yana rawa, har sungumin ya suɓuce.

Na ce, "Inna, in ruwan bai zo ba fa, me za mu ci?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Ban sani ba, 'yar nan." Sai ta durƙusa, ta buɗe tafin hannunta. "Yesu, ka ga dai babu komai a hannuna. Na gaji da ɗaukar kayan nan. Karɓi."

Ko gajimare babu. Amma hannun ya daina rawa, muka zuba irin har ƙwayar ƙarshe.

Yau ɗana ne a gadon asibiti, likita ya ce sai dai a jira. Ba ni da ƙarfin zuciyar Inna. Nawa hannun har yanzu rawa yake, amma na buɗe shi, ina ta cewa, "Karɓi."